Makullin Dikin Tagwai

A Makera, bayan katangar tsohuwar masaƙa, akwai wani ƙaramin cocin Baptist mai benci talatin da masu sujada goma sha tara. Goma sha taran ma sai an haɗa da Fasto da matarsa, da wani tsoho da ke zuwa saboda fankar coci ta fi ta ɗakinsa iska. In ka tambayi Dikin Tagwai, dattijon da ke taimakon Fasto da hidimar coci, abin da ya cinye jama'a, zai ce maka mutuwar masaƙa ce, ma'aikata sun watse. In ka tambayi wani, sai dai ya saci kallon tarin makullan da ke lilo a ƙugun Dikin.

Shekara ashirin da biyu Tagwai ya yi yana tsaron get a masaƙa, shi ke rufe shi ƙarfe bakwai daidai ko da manaja ne a waje. Da masaƙa ta durƙushe sai ya kwaso aikin ɗungurungum ya kawo coci. Ƙarfe tara na safiyar Lahadi zai dubi agogonsa, ya ja ƙofa, ya murza makulli, wanda ya makara ya ji wa'azi ta taga. Makullin ƙofa na hannunsa, na sito na hannunsa, har na akwatin da ake ajiye hatimin coci. Fastoci uku suka zo suka tafi a shekara bakwai, kowanne ya tafi da hawan jini. Na huɗun shi ne Fasto Sam, saurayi mai sanyin hali, wanda har yanzu bai san kalar cikin sito ba.

Ran nan Rabaran Ishaku, shugaban cococin shiyyar, ya zo ziyara. Ya dubi bencinan da babu kowa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce hanya uku ce. Ko dai su rufe nan su haɗe da babban cocin Sabon Tasha, ko babban cocin ya aiko musu da mutane ya karɓi ragamar komai, ko kuma su tsaya da ƙafarsu in suna ganin da sauran numfashi.

"Mu Baptist ne, ba ni da ikon tilasta muku," in ji Rabaran. "Nan da sati huɗu ku kira taron ikilisiya. Duk memba mai baftisma yana da ƙuri'a ɗaya. Abin da kuka zaɓa shi ke nan."

Tagwai ya dubi fuskokin mutum goma sha takwas ɗin nan, ya ga duk sun gaji. Ya lissafa a ransa, masu zaɓen a tsaya ba su wuce uku ba: shi, da matarsa Edith, da tsohon fanka. Da kansa ya ɗauki bulon ginin nan, a nan aka ɗaura masa aure, a nan aka yi wa 'yarsa Debby baftisma. Ban da wannan kuma, ya san cocin Sabon Tasha dikinoni goma sha huɗu gare su, makulli kuwa a hannun maigadi yake, mai albashi.

Bayan sujada Fasto Sam ya matso a hankali. "Baba Dikin, da za mu gwada barin ƙofa a buɗe, mu kuma riƙa ziyartar..."

"Fasto, kai dai riƙe wa'azinka. Ni da na sarrafa leburori dubu biyu a get ɗaya, cika benci talatin ne zai gagare ni? Ba ni sati huɗu, sai an tsaya a waje."

Da la'asar Edith ta same shi a tsakar gida, ya baje tsohuwar rajistar coci a kan tabarma yana murmushi shi kaɗai.

"Maman Debby, zo ki ga basira. Suna ɗari biyu da goma sha huɗu. A dokarmu, in mutum bai karɓi wasiƙar sallama zuwa wani coci ba, har gobe membanmu ne, ƙuri'arsa na nan. Zan bi su gida-gida in kwaso su, su zo su ce a tsaya."

"Baban Debby, wa ya hana su wasiƙar?"

"Ni. Ashe hangen nesa nake yi."

"Ka kuma tuna abin da ya fitar da su?"

"Masaƙa."

Edith ta koma kan tukunyarta. Shekara talatin da biyar ta koya mata inda magana ke ƙarewa.

Washegari ya ɗauki shatar keke napep ɗin maƙwabcinsa Malam Zakariyya'u, ya zauna a baya ya ɗora rajista a cinya, ya sanya wa shirin suna Ofareshan Dawo Gida. Gidan farko na Audu ne, tsohon mai kaɗa ƙararrawa. Matarsa Saratu ta fito tana share hannu da zani.

"Maman yara, ina maigidan? Ki ce masa Dikin ya zo da kansa. Ranar taro ina so in gan shi a bencin gaba."

Saratu ta riƙe haɓa. "Baba Dikin, wane Audun? Wanda kai ka yi addu'ar rufewa a bakin kabarinsa, har ka ce mu yi sauri lokaci ya wuce?"

Tagwai ya duba rajista, ya duba Saratu. "Nan ba a soke shi ba."

"To ka je maƙabarta ka faɗa masa, wataƙila ya ji tsoronka ya taso."

Da suka koma keke, Zakariyya'u ya ce, "Baba Dikin, in irin waɗannan membobin za mu ɗauko, kuɗin shata zai canza."

"Kai tuƙi aka ɗauke ka, ba sharhi ba."

Gida na biyu na Tony ne, wanda a da yake raba takardun waƙa. Suka tarar da ƙaton allo a ƙofar shagon da yake haya, da hotonsa cikin farin kwat, an rubuta Bishop a ƙasa. Tony ya saurari bayani da kyau, idonsa na ƙyalli.

"Wato Baba, mutum ɗari biyu marasa coci za su taru wuri ɗaya? No wahala, zan zo. Zan ma zo da wuri."

Tagwai ya fito yana hura hanci. "Ka gani? Har bishop ya amsa kirana."

"Na gani," in ji Zakariyya'u. "Na kuma ga ya shiga ciki yana ƙirga fosta."

Kwana uku suna yawo, daga Kakuri zuwa unguwar Television, amsa ɗaya suke samu. Mata su ce in Mama Hephzibah za ta je, za su je. Samari da mawaƙan coci su ce sai in Ben zai je. Mama Hephzibah ita ce tsohuwar shugabar zumuntar mata, Ben kuma tsohon shugaban mawaƙa, su biyun nan kuwa shekara bakwai ko gaisuwa ba ta haɗa su. Dalilin gabar, Tagwai ya fi kowa saninsa, amma ya daɗe da yafe wa kansa.

A Barnawa suka sami Mama Hephzibah a shagonta tana auna gari. Ba ta ba shi kujera ba.

"Dikin, ka zo da wasiƙata?"

"Mama, na zo da abin da ya fi wasiƙa. Coci na neman mutuwa."

"Ya mutu mana. Cocin da aka ƙwace wa mata tulun kiɗansu don wani yaro mai jita ya ce muna rufe masa murya? Ni da Ben sai a gaban kursiyin shari'a."

Nan dabara ta faɗo wa Tagwai, irin wadda ke faɗo masa ba tare da ta bi ta kwanya ba. Ya sassauta murya. "Ai shi ya aiko ni. Ben ya tuba, Mama. Kuka yake yi. Ya ce ranar taro zai durƙusa a gaban jama'a ya roƙe ki gafara."

Mama Hephzibah ta ajiye mudu. "Gwiwa biyu?"

"Biyu cif."

"To zan zo da matana duka, kowa ta gani da idonta."

A Sabon Tasha suka sami Ben a shagon gyaran waya. Shi ma wasiƙarsa ya fara tambaya, sannan ya ce ba zai sake taka cocin da aka ƙwace masa jita ba don wata tsohuwa ta ce kiɗan mashaya yake yi.

"Ai ita ta aiko ni," in ji Tagwai. "Tsufa ya zo mata da nadama. Ta ce za ta tsaya a gaban ikilisiya ta ce, Ben ɗana, na cuce ka."

"Mama Hephzibah? Da bakinta? Baba, ko don in ɗauka a waya zan zo. Zan kira boys ɗina duka."

Da suka kusa gida Zakariyya'u ya waiwayo. "Baba Dikin, ni ba addininku nake yi ba, amma ina da tambaya. In wannan ya zo jiran gafara, waccan ta zo jiran gafara, wa zai fara?"

"Ruhu zai yi aikinsa. Ni dai a ɗaga hannu a ƙirga, sauran bayani daga baya."

Ranar taro tun ƙarfe takwas kekuna ke sauke mutane. Mata cikin anko sun cika bencinan dama, Mama Hephzibah a gaba ta harɗe hannu. Samari sun cika na hagu, Ben a gaba ya saita waya. Bishop Tony na bin layi yana cusa wa mutane fosta a cikin littafin waƙa. Tsohon fanka ya zo ya tarar an zauna masa a wuri, ya tsaya yana ƙunƙuni. Tagwai kuwa sai kai da kawowa yake cikin kwat ɗin aurensa, makullai na kacau-kacau, duk wanda ya gani sai ya ce masa, "Aikina ne wannan."

Ƙarfe tara ta buga. Hannun Tagwai bai nemi shawarar kowa ba, ya ja ƙofa ya murza makulli. An kai baiti na biyu na waƙar buɗewa sai aka ga kai mai furfura ya leƙo ta taga. Rabaran Ishaku ne, gosulo ya riƙe shi a hanya, ga kuma wasu mata goma sha biyu a bayansa.

"Dikin, buɗe mana," in ji Rabaran.

"Ranka ya daɗe, tara ta wuce da minti shida."

"Ni zan jagoranci taron."

"Ana ji sosai daga nan tagar, ranka ya daɗe. An gwada."

Sai da Edith ta taso ta raɗa masa cewa matan da ke waje ƙuri'a goma sha biyu ne, sannan ya buɗe. Wannan ne karo na farko da ƙofar ta buɗu bayan tara tun da makulli ya shiga hannunsa, har wasu suka tafa.

Fasto Sam bai taɓa ganin jama'a haka a gabansa ba, ya rikice ya karanta aya ɗaya sau biyu. Ba wanda ya lura, domin ɓangaren dama na hararar hagu, hagu na hararar dama. Da aka gama sujada Rabaran ya zauna a tebur ya buɗe taro, ya sake jero hanyoyin nan uku. Tagwai ya yi wuf ya miƙe.

"Ina kawo moshan, wato shawara, coci ya tsaya. A ɗaga hannu yanzu-yanzu, kowa na da abinci a wuta."

"Dakata," in ji Mama Hephzibah. Ta miƙe ta fito fili, ta gyara ɗaurin kai, ta tsaya tana fuskantar Ben. "Ga ni. Ina jira."

Ben ma ya fito, waya a sama. "Ni ma ga ni, Mama. Take your time."

Suka tsaya suna kallon juna. Coci ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Tagwai ya ɗaga waƙa da ƙarfi don ya rufe shirun, ba wanda ya amsa masa, ya kai rabin layi ya sauke.

"Yaro, ƙasa ba ta da nisa. Durƙusa mu wuce wurin."

"In durƙusa? Ke aka ce za ki ce kin cuce ni."

"Ni? Bayan ka sa an ƙwace mana tulu?"

"Wane tulu? Ni da nake jin daɗin tulun nan, shi ke riƙe mana bit. Ke ce kika ce jitata ta mashaya ce."

"Ban taɓa faɗa ba. Har rawa nake takawa in ka kaɗa. Wa ya ce maka na faɗa?"

"Baba Dikin. Ke wa ya ce miki?"

Juyawa kawai ta yi ta dubi Tagwai. Mutum ɗari da wani abu suka juya tare da ita. Tagwai ya ji kwat ɗin aurensa ya ƙara matse shi.

"Jama'a, a bi doka," ya ce. "Wannan ba ya cikin ajanda."

"Yanzu ya shiga," in ji Rabaran. "Dikin, me ya faru da tulu da jita?"

"Ranka ya daɗe, kiɗa ne ke jan sujada har sha biyu da kwata. Na ga in na ce ni na hana, za a yi surutu. Sai na raba musu laifin daidai wa daida, kowa ya samu. Kayan kuwa suna sito lafiya lau."

Aka tasa shi gaba zuwa sito, Fasto Sam na biye da shi kamar mai zuwa yawon buɗe ido. Jita na nan rataye, amma babu tsirkiya ko ɗaya. Ga akwatin hatimi, ga tarin takardun neman sallama an ɗaure da roba, wasu har gara ta fara karantawa. Tulu kuwa babu shi.

"Ina tulunmu?" in ji Mama Hephzibah.

Tagwai ya fara bayanin cewa an kai shi wurin ajiya na musamman, sai muryar Edith ta fito daga baya, a natse. "Yana gidanmu. Kazarsa ke ƙwai a ciki. Wayoyin jitar kuma da su ya ɗaure ƙofar akurki."

Abin da ya biyo baya ba ya cikin tsarin taron ikilisiya. Mata na magana, samari na magana, Saratu na ba da labarin yadda aka zo gayyatar mijinta daga kabari. Wani ya tuna ranar da aka kulle amaryarsa a waje, wata ta tuna ranar da aka kashe wa mahaifinta makirufo yana tsakiyar shaida. Bishop Tony ya ga kasuwa ta buɗe, ya hau benci yana cewa a cocinsa ƙofa ba ta da makulli ma sam. Wata mata ta ce ai shago ne, ƙofar ƙarfe mai naɗewa gare shi, ta ja shi ƙasa da gefen kwat.

Rabaran ya yi ta bugun tebur har aka lafa. Mama Hephzibah ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, na zo yau in ga yaron nan a ƙasa, in karɓi wasiƙata in tafi. Amma tun da na zauna a bencin nan nake jin kamar na dawo ɗakina. Shekara bakwai ina zaman baƙunta a cocin mutane. Ina kawo moshan: coci ya tsaya, mu dawo. Sharaɗi ɗaya, makulli ya bar ƙugun Dikin Tagwai yau, ƙofa kuma ta zauna a buɗe."

"Na goyi baya," in ji Ben. "Ben ɗana ɗin ma na yafe, Mama."

"Wa ke ƙirga ƙuri'a a nan?" Rabaran ya tambaya.

Fasto Sam ya yi tari. "Bisa al'ada, Baba Dikin ne."

Haka Tagwai ya bi benci-benci yana ƙirga hannuwan da aka ɗaga don a tuɓe shi. Mutum ne mai tsoron kuskuren lissafi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ƙirga Saratu, ya ƙirga tsohon fanka, ya ƙirga Tony, tunda shi ma ba a ba shi wasiƙa ba. Da ya iso benci na uku ya tsaya.

"Maman Debby, miƙa kike yi ko ƙuri'a?"

"Ƙirga, Baban Debby."

Ya ƙirga. Ɗari da bakwai. Da aka ce masu adawa, ya ɗaga nasa hannun, ya duba ko'ina, ya ce, "Ɗaya," ya rubuta. Sannan ya kwance makullan daga ƙugu. Igiyar ta daɗe a wurin har ta yi wa bel ɗinsa shaida. Ya ajiye su a gaban Fasto Sam, ya fara bayanin wanda ke buɗe ina, ya kai rabi ya bari, ya koma wurinsa.

Lahadin da ta biyo baya Tagwai ya ce ba za shi ba. Edith ta yi tafiyarta da tulu a ka, an wanke shi tas. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa kazarsa da ke zagaye tsakar gida tana neman ɗakinta, daga ƙarshe ya sa kwat ya fita, wai zai je ya ga yadda za su watse ba shi.

Tun daga bakin layi yake jin tulu na gunji, jita na amsa masa. Ƙofa a wangale, mutane har bakin matakala. Ya rasa inda zai sa kansa, ya zagaya ya tsaya a jikin taga. Zakariyya'u da ya sauke fasinja ya hango shi.

"Baba Dikin, yau a waje?"

"Ba ka ga aikina ba? Na ce sati huɗu sai an tsaya a waje. Ga shi har ni ban samu wuri ba." Ya kai hannu ƙugu don ya kaɗa makullai, hannun ya dawo wayam, ya sa shi a aljihu.

Daga ciki Edith ta gan shi. Ta ɗauke jakarta daga kan benci, ta nuna masa wurin da ta tanadar masa a gefenta, ta matso kusa da taga.

"Shigo mana, Baban Debby. Ƙofa a buɗe take."

Tagwai ya dubi wurin, ya dubi ƙofar, sannan ya dubi agogonsa. Tara da minti ashirin.

"Na makara," ya ce. Ya gyara tsayuwa a bakin taga, ya buɗe littafin waƙarsa.